Na faɗa wa masoyina sunan shaida

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don na riga na zagi kaina.

Ni 'yar Damagaram ce, shekarata huɗu a Sabha, a ƙasar Libiya. Ina aiki a ofishin wani lauya a matsayin tafinta, saboda ina jin Hausa da Larabci. Bara Ustaz, wato lauyan, ya sa mana wata manhaja a kwamfuta. Duk takardar da ta shigo ni nake ɗaukar hotonta in zuba, ita kuma ta karance, ta jera, ta haɗa wannan da wancan. Ka yi mata tambaya kamar mutum, ta ba ka amsa. Ranar farko Ustaz ya gargaɗe ni cewa abin da ke ciki amanar mutane ce, ko mahaifiyata kar ta ji.

Sai ga wani saurayi, bari in kira shi Habibu. A wajen jiran mota a unguwar Mahdiya ya fara yi min sallama. Dogo, mai sanyin murya, irin wanda na sha karantawa a littattafai ina cewa yaushe nawa zai zo. Kullum ya raka ni har unguwar Abdulkafi, yana sauraren labarin aikina kamar babu abin da ya fi shi daɗi a duniya. Wace mace ce ba ta son a saurare ta?

Akwai shari'ar wani dattijo mai walda, Baba Ilu, da mota ta kaɗe ta karya masa ƙugu, direban ya ce ba shi ba ne. Na ba Habibu labarin don tausayi. Ya girgiza kai, ya ce Allah sarki, to babu wanda ya gani? Na ce akwai mutum ɗaya. Ya tambayi ko wane ne, na ce wannan amanar ofis ce. Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai ba ki yarda da ni ba. Mijin da za ki aura kike ɓoye wa magana?" Kalmar miji ce ta kwance min kai. Washegari na tambayi manhajar wane ne shaidan, ta ce wani mai shayi ne, har da inda yake kafa teburinsa. Da yamma na faɗa wa Habibu, ina jin kaina kamar na ba shi kyauta.

Kwana biyar bayan haka mai shayin ya tattara ya koma Agadas, bai yi sallama da kowa ba. Baba Ilu ya zo ofis a kan sanduna, ni ce na fassara masa cewa shaidarsa ta tafi. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ki tambayi Ustaz, yanzu shi ke nan?"

Zuciyata ta ƙi kwanciya. Na rubuta lambar wayar Habibu a manhajar, lambar da na haddace kamar sunana. Nan take ta fito da takardar 'yan sanda, inda direban ya ba da ita a matsayin lambar yayansa. Na duba ranar da aka buɗe fayil ɗin, na tuna ranar da Habibu ya fara yi min sallama. Kwana tara ne tsakani. Da na tambaye shi ko yana da ƙane a garin nan, bai ko ƙifta ido ba ya ce shi kaɗai ne a Libiya, sai ni. Jiya ma ya kawo min turare. Shin tun farko aiko shi aka yi? Ko ya zo da manufa daga baya son ya zama gaskiya? Har yanzu wani ɓangare na zuciyata yana nema masa uzuri, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya.

Ustaz ya fara zargin daga ofis maganar ta fita. Ya ce manhajar tana ajiye wanda ya buɗe kowane fayil da abin da ya tambaya, ranar Lahadi zai zauna ya duba. Mu uku ne kawai a ofishin. In na riga shi faɗa, watakila a nemo mai shayin kafin zaman kotu, amma aikina ya tafi, takardar zamana kuma a hannun Ustaz take. In na yi shiru, Baba Ilu ya rasa haƙƙinsa ta bakina.

Yau Alhamis. Jama'a, me zan yi?