Sunana a Turken Raga

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna? Mu nan unguwar Utaibiyya a Makka lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ka san ni: da jaka ɗaya na shigo Makka, na yi dako a Mina, na samu iƙama, wato takardar izinin zama, na buɗe shagon ɗinki, ba wanda ya tsaya min. Amma jiya wani ɗan garinmu da ya zo Umara ya tayar min da tsohon tsumi. Wai kocin kwalejinmu ya yi ritaya, sabon ya sallami manyan 'yan wasa, ya ɗebo yara, ko gola bai tsayar ba. Wannan ruwansa, yara za su girma. Abin da ya dame ni, wai zai tumɓuke tsohon turken raga, inda kowane gola yake zana sunansa da ƙusa. Ni na fara, Sani, lokacin ko takalmi babu, ƙafa duk ƙaya. Wallahi har yau ina jin ƙanshin ciyawar filin nan bayan ruwa.

Ka gaida kowa, Inna ta sa ni a addu'a. Sannan ka je ka samu sabon kocin: in dole sai ya canza turken, a rubuta Garba Gola a sama, kafin sunan kowa.

Yayanka,
Garba