Cuta Ɗaya, Suna Uku

Gwaram, 4 ga Yuli, 2022

Ƙanena Abdulsamad,

Sallama da gaisuwa. Ya Nasiha da yara, ya damina?

Ba zan yi kwana-kwana ba. Ina son manhajar nan da ka rubuta wa masu duba dabbobi na Birnin Kudu, mai gane cuta ko da wane suna aka kira ta. A nan wani makiyayi ya ce mini boru, wani ciwon kofato, wani ya ce dalala kawai, kwamfutar ofishinmu kuwa ta ɗauke su cuta uku. Shanun Dada, wadda ta raine ka lokacin jinyar Inna, biyu sun daina kiwo. Na sa manhajar da ka ba ni bara a kwamfutarmu, ta ƙi buɗewa.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Hajjo

Birnin Kudu, 8 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Hajjo,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kina lafiya, wasiƙarki ta sa na ji kunya. Laifina ne. Na gina manhajar jingine da tsarin kwamfutarmu, kamar ɗakin da ya ari katangar maƙwabci. Shekara biyu ina bin rugage ina tattara sunaye, ban taɓa tunanin wani zai nema ba.

Abokin aikina Gwadabe ya ce ku watsar da tsarinku ku dawo namu. Na ce masa bai san ki ba, ba za ki zubar da rahotannin shekara shida ba. Don haka zan ware sunayen da dangantakarsu su tsaya da ƙafarsu, in yi musu ƙofar da kowane tsari zai iya shiga ya yi tambaya. Ki aiko duk sunayen da kike ji ta hannun Ɗanladi direba.

Ki gaida Dada. Allah Ya ba shanunta lafiya.
Ƙaninki, Abdulsamad

Gwaram, 21 ga Yuli

Abdulsamad,

Gaisuwa, da albishir. Sabuwar manhajar da ka aiko ta buɗe! Ina sa ta, rahotanni talatin da ɗaya da ke warwatse suka haɗu wuri guda. Duk boru ne, a ƙauyuka biyar, a jere kan burtalin da ya nufi Kangire, can wajenku. Sai da na miƙe tsaye.

Na hau babur na sami Arɗo. Da fari ya ce kowace ruga da nata ciwon. Na karanto masa sunayen masu shanun ɗaya bayan ɗaya, da ranar da kowa ya kawo kuka. Sai ya ce, “Wannan makon ba saniyar da za ta shiga kasuwa.” An raba mashaya, an killace marasa lafiya. Maruƙa biyu muka rasa. Na Dada sun miƙe, jiya har tatsa ta yi.

Ka sanar da mutanenku maza.

Allah Ya yi maka albarka.
Hajjo

Birnin Kudu, 16 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Gargaɗinki ya riga cutar isowa. Daga Kangire har Wurno garke ɗaya kaɗai ya kamu.

Jiya saƙo ya zo daga wasu masu duba dabbobi na Ningi. Ashe sun sa manhajar a nasu tsarin, mako biyu ke nan tana aiki, ban ma sani ba. Ba taimako suke nema ba. Cewa suka yi na rubuta wani sunan Fulatanci ba daidai ba, sun kuma ƙaro goma sha ɗaya.

Na gyara.

Naki,
Abdulsamad