Gambar da Na Tuge a Gonarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Allah tana iske ki a makwancinki, ɗanki ne Idi. Na san ba ki taɓa karanta takarda ba, ni kuma da na yi aji shida a lakwal, makarantar boko, ko santifika ta shaidar gamawa ban fito da ita ba. Kin ga mun dace, ba mai yi wa wani gyara. Akwai maganar da duk garin nan ya ji daga bakina, ke kaɗai kika rage, alhali ke ya kamata ki fara ji.

Mutan gida lafiya lau. 'Yata Uwani, takwararki, ta gama karatun aikin gona a Damagaram ta dawo. Ta ɗauko tsayinki, ta kuma ɗauko shirun nan naki mai sa mutum ya fara tuno laifinsa tun ba a tambaye shi ba.

Ruwan sama kuwa ya sake hali tun bayan tafiyarki. Sai ya ɗauke har hatsi ya fara naɗe ganye, mu fita roƙo, sannan ya zo a yini ɗaya ya juye mana na wata guda, kamar mai jin haushin an dame shi.

Kin tuna tabkin da ke ƙasan gonarmu. A zamaninki har bazara yana da ruwa. Mata suna shuka albasa da tumatir a bakinsa, shanun gidan su Buba, makiyayan da ke zaune gabas da mu, suna gangarowa ta burtalin da ke gefen gonarmu su sha su koma. Ke da uwar Buba kuna musayar hatsi da nono, ba mai auna wa wani.

Kin kuma tuna layukan gambarki uku da suka ratsa gonar a karkace. Ina yaro nakan ga kin fita ana tsaka da ruwa, faifai a ka, kina bin inda ruwan yake bi. Inda ya fara gudu sai ki binne tsingaron fasasshen tulu, daga baya ki dasa gamba a kai. Na taɓa tambayarki dalili, kika ce, "Bar shi ya zauna ya huta, Idi. In ya gaji da zama ƙasa za ta shanye shi."

To ni a lakwal abu ɗaya ya zauna mini a kai. Malaminmu, Mushe, yana da regil, katakon jan layi, duk wanda ya ja layi a karkace sai yatsunsa sun gaya masa. Lissafi ya zube, Faransanci ya zube, amma wannan na riƙe shi gam: ɗan lakwal ba ya layi a karkace.

Damina ta biyu bayan rasuwarki na sami shanun huɗa. Gambarki tana tare garma, shanun suna juyi suna ɓata mini lokaci. Na ɗauki fartanya na tuge ta kaf har saiwa, na saƙa zana da ita na kewaye gida. Na ja igiya daga tudu zuwa gangare, na yi huɗa miƙaƙƙiya sak. Masu wucewa kasuwar Waca suna tsayar da amalanke suna kallo, ni kuma ina riƙe ƙugu ina cewa, ai gonar ɗan lakwal ke nan.

Ashe hanya na share wa ruwa, Inna. Ya bi layukan nan kamar kabu-kabu a kan kwalta. Shekarar farko ya yanka 'yar tsaga da akuya ke tsallakewa. Ba a jima ba jaki ya fara tsayawa yana tunani a bakinta. Yanzu kwazazzabo ne, in na shiga ko hulata ba a hangowa. Duk rairayin da ya kwasa kuwa cikin tabki ya kai shi. Tabkin ya cike, ya zama kamar faranti, sanyi bai gama wucewa ba yake ƙafewa. Mata sun bar albasa.

Wannan wauta ce, da a nan ta tsaya da sauƙi. Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Wata rana a dandali wani ya tambaye ni ina gambar Inna ta tafi. Kin san bakina, ba ya jiran kaina. Na ce shanun su Buba ne suka yi walima da ita. Aka bushe da dariya. Na ji daɗin dariyar, na maimaita a wurin suna, na maimaita a kasuwa, har da kwaikwayon yadda saniya ke tauna. Shekara ta bi shekara, wasan ya daina zama wasa. Kowa ya san shanu ne suka cinye gamba, kofatonsu ya buɗe kwazazzabo. Ni ma wani lokaci har nakan ji ina jin haushin shanun.

Bana wani furoje na raya karkara ya zo, aka kafa komiten ruwa, aka sa Uwani a ciki. Aka taru ƙofar maigari a kan yadda za a ceto tabki. Wani ya miƙe ya ce a fara da toshe burtali da ƙaya, tunda shanu ne tushen ɓarnar, ga Idi nan shaida. Kin san abin da toshe burtali yake nufi. Shanun su Buba ba su da wani mashaya kusa, ko dai su yini a hanya kullum, ko gidan gaba ɗaya su tashi daga inda aka binne cibiyarsu. Buba yana wurin, ya dogara da sandarsa, bai ce uffan ba. Ni kuwa ɗanki mai baki na sunkuya ina ƙidaya yatsun ƙafata. Goma ne, Inna, na tabbatar har sau uku. Aka ce a bari sai Juma'a mai zuwa, in an gama auna gonakin gangaren.

Ranar da aka zo tamu gonar, Uwani ta zo da wani dogon tiyo mai ruwa a ciki, an ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna. Inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan biyu, nan ƙasa ta daidaita, nan ake kafa turke. Ni ne mai buga turaku. Da na waiga na ga layin yana lanƙwasa, na ce mata, ki gafarce ni Inna, wannan ai fitsarin bijimi ne yana tafiya, karatun ke nan?

Turke na gaba ya ƙi shiga. Na tona da hannu, sai ga tsingaro. Muka matsa gaba, wani tsingaron. Baƙin tulun nan naki ne mai zane a wuya, na gane shi. Duk inda tiyon Damagaram ya ce nan, ke kin riga kin ce nan, da faifai a ka.

Uwani ta share tsingaron da gefen mayafinta, ta tambayi wanda ya binne, na gaya mata. Ta dubi layin har ƙarshen gona, sannan ta ce, "Baba, shanu ganye suke ci, gamba ta sake tohowa. Waɗanne irin shanu ne suka ci har saiwa?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta naɗe tiyonta, ba ta ƙara cewa komai ba, har gida. Da dai mari ta yi mini.

Ranar Juma'a bayan an sauko na miƙe a ƙofar maigari. Na ce jama'a, ba saniyar da ta taɓa gambar Inna, ni na tuge ta da hannuna, ga zanar can a gidana ta tsufa. Kin san me aka yi? Dariya. Aka ce Idi ya zo da sabuwa. Sai da na rantse, na sake rantsewa, sannan wurin ya yi tsit. Ranar na gane abin da na mai da kaina: mutumin da aka gaskata ƙaryarsa shekara da shekaru, ranar da ya faɗi gaskiya aka ɗauka wasa ne.

Ba a toshe burtali ba. An yanke kowane gida zai fito a kwashe rairayin tabki kafin ruwa ya sauka, kowace gonar gangare kuma za ta dasa gamba a kan turakun Uwani. Tawa ce ta farko, kuma 'yata ce mai duba aikina. Jiya ta sa na tuge layi guda na sake.

Da taro ya watse na bi Buba, na tarar da shi a bakin burtali. Ban gama haɗa kalmomin ban haƙuri ba ya ce, "Na sani, Idi. Ranar da kake tuge ta na wuce da shanu, har sannu da aiki na yi maka, ka amsa." Na ce to me ya hana ka faɗa, ga shi ana shirin korarku? Ya ce, "Innarka ta goya ni ranar da uwata ke zazzaɓi. Ban iya tona ɗanta a gaban mutane. Na ce in jira ka." Na ce in da ban yi magana ba fa? Ya dubi shanunsa ya ce, "Da mun tashi."

Inna, tun ranar ban yi wa kowa barkwanci ba. Mutumin nan yana gaishe ni duk shekarun nan, yana aiko da nono duk sunan da aka yi a gidana, yana jin ana dariyar shanunsa da bakina. Saiwar gambar da nake dasawa yanzu ma daga gefen gonarsa ya haƙo mini, ya kawo a kan jakinsa, ya sauke ya tafi tun ban fito ba.

Ki yafe mini, Innata. Shi ya ce ya yafe, amma har yanzu idan mun haɗu ƙasa nake kallo.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da uwar Buba a inuwa ɗaya. Allah ya ba mu damina mai sauka a hankali, ya tsayar da ruwa a tabkin nan har bazara, shanun Buba su sha su ƙoshi ina raye ina gani. Amin.

Ɗanki mai laifi,
Idi