Kafin a Cire Dutsen Gulizar

Ƙanwata Nuriye,

Gaisuwa daga Essen. Ya yara, ya ƙafar maigidanki? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai.

Kin ce in kin zo in kai ki kasuwar Kirsimeti. An kwashe rumfunan tuni. Maƙabarta za mu. A nan aron kabari ake bayarwa, kuma shekara ashirin da biyar na matata Gulizar sun cika. Maƙwabcina ya karanta min takardar: ƙanƙara na narkewa za su cire dutsen.

Ranar jana'izarta ko ɗayanku bai zo ba, ban manta ba. Kwanan nan da rana tsaka nake jin tarinta a kicin.

Ki zo ki ga sunanta tun yana nan. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki,
Dursun