Na Saka Wa Tsofaffin Harra Lambata A Madannin Ɗaya, Yanzu Aiki Zai Mayar Da Ni Dammam

Wani ɗan'uwa ne ya turo daga Madina, ya ce a sakaya sunansa. A taimaka masa da shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan zaure, ina gaishe ku daga birnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni mutum ne da ko hanyar masallaci aka tambaye ni sai na faro daga tarihin kakana. Waɗanda suka san ni da ba mutane dariya suka san ni, ko gidan gaisuwar rasuwa na shiga sai an samu mai toshe baki da rawani. To yau mai ba da dariyar ne ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya saukewa.

Na haura arba'in da 'yan kai, iyalina suna Gusau, ni ina nan ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai karɓar kwangila daga manyan kamfanonin kebul. Mu ne muke ja wa mutane waya har cikin gida, intanet da tashoshin talabijin, sannan a kan layin nan ɗaya a haɗa maka wayar gida, irin ta girke mai igiya da muka saba gani a ofisoshin da. Ni ɓangaren wayar gidan aka damƙa mini, in tallata in kuma haɗa. Jama'a, sayar da bargo a Madina a tsakiyar zafi ya fi wannan sauƙi. Duk gidan da na shiga na ce ga wayar gida kusan kyauta, sai matashin ya dube ni kamar na jawo masa raƙumi na ce ya ɗaure a falo. Ya ce ya ammu, wato baffa, jawwal, wayar hannu ke nan, biyu ne a aljihuna, matata biyu, wa zai zauna gadin wannan?

Sai Allah ya haɗa ni da kasuwata a unguwar Harra ta Yamma, wurin tsofaffinmu Hausawa, waɗanda iyayensu suka zo aikin Hajji tun zamanin tafiya a ƙasa suka zauna. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa, wayar shafa ta gagare su, su shafa don su amsa sai ta ɗauki hoton silin. 'Ya'ya suna wurin aiki, jikoki kuwa ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Ni kuma in na shiga sai in zube in kwashi gaisuwa yadda ake yi a gida, in tambayi gajiya da ƙafa da kwanan jiki, in ce wayar nan da na kawo ko a rijiya aka jefa ta sai ta yi ƙara. Su yi ta dariya, su sa 'ya'yansu su sa hannu.

Ga inda na jawo wa kaina. Wayoyin nan ana iya ajiye lamba a kan madanni, ka danna ka riƙe sai ta kira da kanta. Don kada tsoho ya sha wahalar kiran kamfani inda na'ura za ta yi ta ce masa danna kaza danna kaza, duk wadda na haɗa sai in saka lambar layin aikina a madannin ɗaya, in ce in ta samu matsala ku danna nan, ni zan ɗauka. Akwai wata da zan kira Inna Hawwa, ba sunanta ba ne, ita ba ta ganin lambobin sam, sai na ciro ƙwayar cazbina da ya tsinke na manna mata a kan ɗayan, na ce Inna in kin laluba kin ji ƙwaya, ni ne.

Waya dai ba ta taɓa lalacewa ba, ni ne na lalace. Wannan ya danna ya ce iskar gas ta ƙare, wancan ya ce in faɗa masa ko an ga wata a Najeriya, wata ta ce maganinta fari ne na safe ko ja. Akwai dattijon da ya kira ni ina saman tsani, bakina cike da ƙusa, don kawai ya tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar wani ƙauye da ya bari yana goye. Ita kuwa Inna Hawwa kullum da hantsi sai ta danna. Ta ce Ɗan waya, ka karya? In ce na karya Inna. Ta ce ƙarya kake, muryarka ta mai yunwa ce. Daga nan sai labarin maƙwabta, da tsadar kuɓewa busasshiya, da yadda ake yin fura a da. Kunnena na dama yanzu ya fi na hagu faɗi, ko mai aski ya lura.

Uwargida a Gusau ta fara ƙorafi, duk lokacin da ta kira ina kan waya. Mun yi faɗa sosai a kan wannan, ta ce ita ta ɗauka kishi da 'yan mata ake yi, ashe ita rabonta da masu sanda ne. Na mayar da abin wasa yadda na saba, ba ta yi dariya ba. Abokan ɗakina ma sun ce in na mutu a binne ni da caja. Gaskiya na kai matsayin da in wayar ta yi ƙara sai in ce ya Allah yau kuma ludayin wa ya ɓata.

Wata rana da hantsi ina aiki a wani gida a Khalidiyya sai ga kiran Inna. Na ɗauka ina cewa Inna wallahi na karya, har da ƙwai. Shiru, sai numfashi sama-sama. Ashe jiri ne ya kwashe ta saboda ciwon suga, ta faɗi a tsakar ɗaki, ba kowa a gidan, ta jawo igiyar wayar ta faɗo kusa da ita, ta laluba har ta ji ƙwayar. Na kira motar asibiti, na kira ɗanta, na bar kayan aikina a gidan mutane na kama hanya. Allah ya sa da sauran kwana. Da na je duba ta a asibiti, abin da ta fara ce mini shi ne, Ɗan waya, ka cika surutu, mutum yana mutuwa kana ba shi labarin ƙwai. Labari ya zaga unguwa, kowane tsoho ya ce shi ma a manna masa ƙwaya, cazbina guda ya ƙare a kan wayoyin mutane. Kasuwa ta ɗan motsa, har mudir, wato manajanmu, ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da ko a mafarki ban taɓa gani ba.

To makon da ya wuce mudir ɗin nan ya tara mu, ya ce babban kamfani ya duba ya ga wayar gida ba ta da gaba. Dama cikon kaya ce, ana liƙa ta ne don tsarin ya yi kama da mai yawa, kuɗin yana wurin intanet. Ya dube ni, ya kira ni da sunan 'yata ya ce ya Abu Sadiya, kai gwani ne, amma masu sayen kayanka maƙabartar Baƙi'a suke komawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba magajin da ke riƙe layin, ana gama zaman makoki ake zuwa a yanke. Ban musa ba, domin ni da kaina na kwance wayoyi irin haka, har da ƙwayata a jiki. Ya ce layukan da ke aiki za a bar su, amma ɓangarenmu an rufe. Kamfaninmu ya samu kwangilar saka kyamarori a manyan ɗakunan ajiya a Dammam, can ƙarshen ƙasar ta gabas, suna so in koma can, albashi ya fi wannan, za su sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, wadda za ta ƙare bayan Hajji. Layin aiki kuma zan mayar musu. Yana son amsa kafin ƙarshen wata.

Akwai wata hanya. Wani Basudane abokina yana da ɗan shago wajen Bi'ir Ali, yana ja wa ƙananan masaukan alhazai wayoyin ɗakuna, ya ce in dawo wurinsa a nemi canjin kafala, wato ya zama shi ne mai tsaya mini a wurin hukuma. Shi a ganinsa manyan kamfanoni ne ba su iya sana'ar ba, suna sayar da waya alhali abin da tsoho yake saya shi ne wanda zai ɗauka. Ya ce tsofaffi ba sa ƙarewa ya zol, wato mutumina, kullum ana yin sababbi, ni da kai ma muna kan layi. Maganar ta yi mini daɗi, amma da na kwanta sai na ce anya, wanda ya tsufa da wayar shafa a hannu zai waiwayi mai igiya? Ga shi aikinsa na lokaci ne, in alhazai sun cika a ci nama, in sun watse a koma burodi da shayi, albashin ma bai kai wanda nake karɓa yanzu ba, kuma ba tabbas canjin kafalar zai yiwu.

Na faɗa wa uwargida, ba ta ko bari na kai aya ba ta ce Dammam. Ta tuna mini Sadiya za ta shiga jami'a, ƙannenta suna biye. Sannan ta ce, Baban Sadiya, kai kana can kana ɗaukar wayar iyayen wasu, taka uwar tana nan, in dare ya yi ni take kira, ni ce madannin ɗayanta, ban kuma taɓa ce maka na gaji ba. Gaskiya ta faɗa, mutanen nan suna da 'ya'yansu, ni ba ɗansu ba ne, ban ma san garuruwan wasunsu ba.

Sai na ce bari in gwada. Na sami ɗan Inna Hawwa, mutumin kirki ne wallahi, shi ke biyan komai na gidan, duk Juma'a yana zuwa ya sumbaci kanta, aiki ne kawai ya yi masa yawa. Muka yi shawara na je na mayar da madannin ɗaya kan lambarsa ba tare da ta sani ba. Washegari da hantsi wayata ta yi shiru, na sha shayina har ƙasan kofi, rabona da haka na manta. Bayan azahar sai ga baƙuwar lamba, maƙwabciyarta ce ta kira ta miƙa mata. Ta ce Ɗan waya, zo ka duba, wayarka ta lalace. Na ce me ta yi Inna? Ta ce na danna ƙwayar, sai ta ce mini da Larabci tana wurin aiki za ta kira anjima, ta kashe. Jama'a, matar nan a Madina aka haife ta, Larabcinta ya fi nawa sau dubu, kuma ba uwar da ba ta san muryar ɗanta ba. Na je na mayar da lambata. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce ta gyaru? Na ce ta gyaru. Ta ce to zauna ka ci abinci.

Har yanzu ban faɗa mata zancen Dammam ba, ban faɗa wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Ko na saka musu lambata ta kaina, in wani ya sake faɗuwa me zan yi daga can, in yi masa sannu?

Don Allah masu sanin harkar sadarwa ku faɗa mini tsakani da Allah, wayar gida tana da sauran numfashin da magidanci zai jingina abincin 'ya'yansa a kai, ko mudir ne mai gaskiya? In bi Basudanen nan in zauna, ko in tattara in tafi? In kuma tafiyar ce, ku koya mini yadda zan faɗa mata, domin ni duk maganar da na shirya sai ta koma wasa a bakina. Gobe da hantsi za ta laluba ta danna ƙwayar nan ta tambaye ni ko na karya, ni kuma ban san ranar da zan ce mata ta daina ba.