Bishiyar da Tomekichi Ya Hana Barci

Omiya, farkon sanyi

Yaya Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da Inna, da Kawu Jinpei.

Yaya, aikin bonsai ɗin nan har yanzu ban gane kansa ba. Bishiya a kasko ba ta kai gwiwata ba, wai ta girmi kakanmu. Ban da shara da ban ruwa ba a bari in taɓa komai. Ruwan ma in na zuba a ce ya yi yawa, in na rage a ce mugunta ce.

Maigida Hasunuma ya ba ni wata 'yar bishiya mai suna momiji. Ya ce in ta kai bazara da rai zan zauna, in ta mutu in koma gida. Kin san gida jirgin kifin Kawu ke nan, ni kuwa teku ko kallonsa na yi sai amai.

Ganyenta duk ya zube, tana tsaye tsirara a sanyi. Na kasa jurewa. Na ɗauke ta a ɓoye na kai ɗakina kusa da kaskon gawayi. Yaya, ta yi toho! Duk lambun ita kaɗai. Na ƙosa Maigida ya gani.

Ƙaninki,
Tomekichi

Ajigasawa

Auta,

Muna lafiya. Wasiƙarka ta iso, rubutu kamar kaza ta yi tono. Inna ta zaga unguwa tana cewa ɗanta ya fi maigidansa iyawa.

Ni hankalina bai kwanta ba. Mutum ya tsufa cikin bishiyoyi ya bar nasa a waje, kai da ka je jiya ka fi shi tausayi? In abin kirki ne, ɓoyon na mene ne? Je ka tambaya, bakinka ba zai guntule ba.

Ga busasshen kifi nan. Ka ba matar Maigida rabi, acici.

Yayarka ta gaskiya,
Kinuyo

Omiya, tsakiyar sanyi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban tambaya ba. Genzo, babban yaron Maigida, shi ya leƙo ɗakina ya gan ta. Ya ce, "Kai, ɗan masunta, amarya ka yi ba ka gayyace mu ba?" Ya kwasa da gudu.

Maigida ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallon ganyen. Sun yi fari, sun yi laushi, ni da na ɗauka kyau ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Barci take yi, ka tashe ta. Abincin da ta tara don bazara shi ta cinye."

Na ce bari in mayar da ita waje yanzu-yanzu.

Ya ce, "Ƙanƙara ta ƙone tohon."

Na ce to ta zauna a ɗaki.

Ya ce, "Zafi ya ƙarasa ta."

Na ce to ina zan kai ta? Ya sa ta a rumfar da ake ajiye kasake, inda ba wuta ba iska, ya ce kada in kusance ta. Yaya, na kasa zama na kasa tsayuwa. Ina shara ina zagaya rumfar. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Tomekichi

Omiya, bazara

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Rassan sama duk sun bushe, Maigida ya yanke su. Toho ɗaya ya fito can ƙasa kusa da saiwa. Ya ce kyanta ya tafi, sai an sake renonta daga fari, kuma wanda ya ɓata shi zai zauna ya gyara.

Na tambayi Genzo har yaushe. Ya ce sai na yi furfura.

Ki gaida Inna.

Ƙaninki,
Tomekichi