Wuƙar Baba a Janiba

Adan, Nuwamba 1967

Yaya Mabkut,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Janiba, can Turai, bai daskarar maka da baki ba. Rediyo kullum sai maganar sojoji da tashar jiragen ruwa, ba wanda ya ambaci tsibirinmu, inda Umma take. Masunta kuwa suna cewa Ingila za ta miƙa shi ga sarkin ƙasar da ke gabas da mu kafin ta bar ƙasarmu. In hakan ta faru, Umma ta koma wata ƙasa tana zaune a ɗakinta, kuma ka san ba za ta bar kabarin Baba ba. Kana cikin tawagar da ke karɓar mulki daga hannun Ingila, ko rakiya ka je? Buɗe baki, don Allah.

Ƙanwarka, Atika

Janiba

Zuwa ga Atika,

Bayan sallama da tambayar lafiya, ki rage gaggawa. Shugabanninmu sun ce tsibiri ƙaramar magana ce, sai na bi ta hanyar iyayenmu. Na sami Baturen da ke riƙe da taswira, na kwance jambiyar Baba, wuƙar nan tasa, daga ƙuguna, na ajiye a gabansa, na faɗi ƙarata. Ya karɓa da hannu biyu, har ya miƙe tsaye. Kin san wanda ya karɓi wuƙar mutum ya ɗauki shari'arsa, ba ya mayar da ita sai ya yi adalci. Ki gaya wa Umma ta yi barci.

Wassalam, Mabkut

Adan

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Bature ka ba jingina? Shi shehin ƙabila ne? Shekarun da suka yi a nan, ka taɓa ganin sun mayar da abin da suka karɓa da hannu biyu? Ka bayyana masa ma'anar abin, ko ka ɗauka duk duniya a yankinmu na Hadramaut aka haife ta? Koma ka sa maganar a takarda tun ba a sa hannu ba!

Atika

Janiba

Atika,

Sallama. Na koma. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce bai taɓa samun kyauta mai kyau irin wannan ba, har ya aika wa matarsa ita a Landan. Da na tambayi tsibiri, sai ya ce ai an gama wannan da sarki tun kafin mu zo. Kunya ta hana ni neman wuƙar. Kada ki gaya wa Umma tukuna.

Mabkut

Yaya,

Sannu da aiki. Umma ta riga ta ji a rediyo. Na hau kwalekwalen ƙarshe zuwa tsibiri kafin a rufe hanya, ina wurinta, ba zan koma Adan ba. Tana ta tambayar yaushe za ka zo. Na ce mata sai sarki ya ba ka izinin shiga.

Allah ya sada mu.

Atika